Gwanjon agogunan Kawu da masu cin tayi su ƙi biya

2 ga Fabrairu

Kawu ya damƙa mini akwatin agogunansa ya ce in sayar. Ya shafe shekaru yana tara su, mafi yawansu shi ya kwance ya wanke ya mayar da hannunsa, amma yanzu yanar ido ta hana shi ganin ƙananan kusoshin ciki ko da madubin gyara. Dillali ya zo ya taya su a dunƙule, Kawu ya ce albarka. Ni na kawo shawarar a sa su a gwanjon intanet ɗai-ɗai, domin masu neman tsohon agogo sun san abin da suke nema, in suka haɗu a kan abu guda su za su kai shi farashinsa na gaskiya.

Mun yi magana a fili. Kuɗin kowane agogo nasa ne bayan an cire la'adar shafi da kuɗin kwali da na aikawa, kuma da su za a yi masa aikin ido. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana a nan domin duk ranar da ya nemi lissafi in samu abin nuna masa.

Yau na sa rukunin farko, agogo biyar, gwanjon kwana 7 da zai rufe daren Lahadi mai zuwa. Kowanne na ɗauki hoton fuskarsa da bayansa da lambar jikin murfi da cikinsa a buɗe. Wanda na fi sa wa rai shi ne Seiko 6139, samfurin da ya fito a 1969, yana cikin agogunan farko a duniya da suka haɗa maɓallin auna lokaci da inji mai aiki da motsin hannu. Akwai ɗan ƙarce a gefen gilashinsa, na nuna shi a hoto, na kuma rubuta a bayani.

6 ga Fabrairu

Tayi na shigowa a hankali. An yi tambayoyi kan kuɗin aikawa, na amsa.

9 ga Fabrairu

An rufe. Duka biyar sun samu masu saye. Seikon ne aka yi kokawa a kansa, mutum uku suka riƙa ture juna har daƙiƙun ƙarshe, ya tsaya a kusan ninki biyu na abin da muka yi tsammani. Na kira Kawu na faɗa masa, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Amma kada ka ƙirga kuɗi sai sun shigo hannu."

11 ga Fabrairu

Mutum huɗu sun biya, na ɗaure kayansu na aika. Mai Seiko shiru. Na tura masa takardar biya daga cikin shafin da gajeren saƙo: na gode da tayi, ga jimillar kuɗi, da zarar ka biya zan aika washegari.

13 ga Fabrairu

Shiru kamar an shuka dusa. Na duba asusunsa, sabo ne, ba shi da tarihin sayen komai.

Na zauna na karanta yadda manyan shafuka ke tafiyar da irin wannan, musamman eBay, tunda su ne suka daɗe a harkar, tun 1995. A ƙa'idarsu tayi alkawari ne mai ɗaure mutum, in ka ci gwanjo sayen ya hau kanka. Mai saye yana da kwana 4 ya biya. In suka wuce bai biya ba, mai kaya na iya soke cinikin da dalilin cewa ba a biya ba, a rubuta wa mai sayen tabo a asusunsa, kayan kuma su koma kasuwa. Tun 2008 ba su yarda mai sayarwa ya rubuta wa mai saye mummunar shaida a bainar jama'a ba, saboda haka wannan tabo na ciki shi ne abin da ya rage da zai yi wa sauran masu sayarwa amfani. Shafin da nake amfani da shi tsarinsa ya yi kusa da wannan, sai na ɗauki kwana 4 ɗin a matsayin wa'adina.

Na tura masa saƙo na biyu, na ƙarshe: wa'adi ya cika yau da dare, in akwai matsala ka faɗa mini mu san abin yi. Ban sa zafi a ciki ba. Ban san halin da yake ciki ba, kuma duk abin da na rubuta yana nan a ajiye in magana ta kai gaban masu shafin.

14 ga Fabrairu

Na soke cinikin. Wajen zaɓen dalili sai da na tsaya, domin abin yana da muhimmanci fiye da yadda ake gani. In na zaɓi cewa mai saye ne ya nemi a fasa, ya fita fes, gobe ya je ya yi wa wani. In na zaɓi cewa kaya sun ƙare ko sun lalace, ni laifin zai hau, darajar asusuna ta ragu. Na zaɓi gaskiyar abin da ya faru, bai biya ba. Na sa sunan asusun a jerin waɗanda na toshe.

Daga nan na tura wa wanda ya zo na biyu tayin dama ta biyu, wato ya karɓi agogon a kan kuɗin da ya taya na ƙarshe.

16 ga Fabrairu

Amsar mutum na biyu ta iso, kuma ta tsaya mini a rai. Ya ce: "Ta yaya zan san ba kai ne ka buɗe wani asusun ka tura ni har ƙarshen aljihuna ba, sannan yanzu ka dawo ka ce in saya a can sama?"

Da farko maganar ta yi mini ciwo. Da na ɗauki biro na yi lissafi sai na ga yana da hujja, ko da zarginsa a kaina ba gaskiya ba ne.

Ga yadda abin yake. A irin wannan gwanjo ba a nuna iyakar abin da mutum ya rubuta. Kai dai ka sa mafi yawan abin da za ka iya biya, na'ura ta riƙa taya maka kaɗan-kaɗan, ta tsaya da ɗan ƙari a kan wanda ke biye da kai. A ce mutum uku ne: na farko ya rubuta 240, na biyu 200, na uku 120, matakin ƙari kuma 5. Na farko zai ci a kan 205. In ya gudu aka koma wa na biyu, za a ce ya biya 200. To amma da na farkon bai taɓa shigowa ba, da na biyu ya ci a kan 125. Wannan 75 ɗin da ke tsakani mutumin da ba shi da niyyar saye ne ya ɗora masa a ka.

Tsarin ya yi kama da wanda masanin tattalin arziki William Vickrey ya bayyana a 1961, inda mai nasara ke biyan farashin wanda ya zo na biyu, aikin da ke cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1996. Kyawunsa shi ne yana sa kowa ya faɗi ainihin abin da kayan suka kai a wurinsa ba tare da tsoro ba. Sai dai duk ginin yana tsaye ne a kan abu guda, cewa kowane tayi na gaske ne. Tayin ƙarya guda ɗaya ya isa ya fallasa iyakar aljihun mutumin kirki, ya kuma sa shi zargin mai kaya. Da ina ganin wanda ya ƙi biya ni kaɗai ya cuta. Ashe ya fi cutar wanda ya tsaya da gaskiyarsa ya taya da kuɗin da yake da su.

Na je na bayyana wa Kawu da takarda a hannu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, ai wannan shi ne najashi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Mutum ya ƙara wa kaya kuɗi alhali ba saye zai yi ba. Ko ba mu muka sa shi ba, ba na son in ci abin da ƙarya ta ɗora."

Na ce, "Kawu, ku duba ta ɗaya gefen kuma. Ƙila akwai waɗanda suka ga farashi ya yi sama suka juya, da ba don shi ba da sun taya. Farashin ƙasan ma ba lallai shi ne na gaskiya ba."

Ya yi shiru, ya ce to a ba mutumin zaɓi.

Na rubuta masa cewa ba ni da alaƙa da wancan asusun, na kai rahotonsa, kuma na fahimci dalilin zarginsa. Ko mu tsaya a tsakiya, tsakanin tayinsa da na mutum na uku, in sa masa agogon a tsayayyen farashi a cikin shafin, ko kuma in sake gwanjon daga farko ya shigo kamar kowa.

18 ga Fabrairu

Ya ce ya gode amma ya haƙura. Na sake sa Seikon tare da rukuni na biyu.

23 ga Fabrairu

Ba a rufe komai yau ba. Na goge agogunan rukuni na uku na ɗauki hotuna. Batirin guda biyu ya mutu, na canza.

25 ga Fabrairu

Seiko ya sayu, an biya cikin awa guda. Farashin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka gwada da na farko. Mutum na biyun nan bai dawo ba, na uku ma bai dawo ba. Kaya in suka sake bayyana bayan an ga sun sayu, mutane kan ɗauka akwai wani aibi da aka ɓoye, har wani ya tambaye ni ko wanda ya saya ne ya mayar da shi. Na ƙara layi guda a bayanin tun ranar da na sake sa shi, cewa an maimaita gwanjon ne saboda wanda ya ci bai biya ba, amma ba kowa ke karantawa har ƙasa ba.

Asarar da zan iya rubutawa: ragin farashi, jinkirin mako biyu, da mai saye na gari guda ɗaya da ba na jin zai sake taya kayana.

27 ga Fabrairu

Wani abu dabam. Mutumin da ya ci ƙaramin Citizen a rukuni na biyu ya rubuto da sassafe, tun kafin in tura masa takardar biya. Ya ce wata larura ta taso masa cikin dare, kuɗin da ya ware sun tafi can, yana ba da haƙuri, in ba zai yiwu a fasa ba in ba shi mako biyu. Asusunsa tsoho ne, tarihinsa fes.

Na ce ya zaɓa. Ya zaɓi a fasa, na soke da dalilin cewa mai saye ya nema, babu tabo, ban kuma toshe shi ba. Da na faɗa wa Kawu ya ce na yi daidai, ya tuna mini hadisin da ke cewa wanda ya yarda ya warware wa Musulmi cinikin da ya yi nadama a kai, Allah zai yafe masa tuntuɓensa.

Ni ba zan iya tantance gaskiyar uzuri daga nesa ba, kuma ba na son in zama alƙalin zukatan mutane. Abin da nake iya gani shi ne wa ya yi magana da wuri, wa kuma ya yi kunnen uwar shegu. Wanda ya faɗa mini washegari ya bar mini dama in koma wa na biyu tun zuciyarsa na kan agogon. Haka kuwa aka yi. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku a wannan karon ƙarama ce ƙwarai, na biyun ya karɓa da murna ya biya kafin azahar.

2 ga Maris

Rukuni na uku ya shiga. Na rubuta sharuɗɗa a saman kowane bayani, layi uku kacal: a biya cikin kwana 4, mai matsala ya yi magana kafin wa'adi, ba na ciniki a wajen shafin.

5 ga Maris

Lissafin wata da Kawu. Ya karɓi kuɗin abin da aka sayar. Mun kai kusan rabin abin da ake buƙata.

10 ga Maris

Wannan ya fi shirun muni. Wanda ya ci ɗaya daga agogunan jiya ya turo saƙo cewa ya riga ya biya, in duba imel ɗina. Na duba, ga wasiƙa da tambarin kamfanin biyan kuɗi, launi da komai, tana cewa kuɗina sun shigo amma an riƙe su, ba za a sake su ba sai na aika kaya na turo lambar bin sawu. A ƙasa an ƙara cewa mai sayen ya yi kuskuren biya fiye da kima, in mayar masa da rarar ta wata hanya dabam. Adireshin da yake so a kai kayan kuma ba shi ne wanda ke kan odar ba, wai na ɗan'uwansa ne.

Na danna sunan wanda ya aiko wasiƙar don in ga cikakken adireshin. Sunan kamfanin ne, amma an musanya harafi ɗaya da lamba, bayan alamar @ kuma wani dogon suna ne da ba shi da alaƙa da su. Na rufe imel ɗin ban taɓa ko mahaɗi ɗaya a ciki ba, na shiga asusuna kai tsaye. Odar tana nan a kan "ana jiran biya". Ko sisi bai shigo ba.

Na amsa masa a cikin shafin cewa babu biya a asusuna, kuma ba na aikawa sai zuwa adireshin da ke kan oda. Ya turo saƙonni a jere, da lallami, da rantsuwa, daga baya da barazanar zai kai ƙarata. Ban biye masa ba. Na kai rahoto da hoton wasiƙar, zan jira wa'adi ya cika in soke.

Wannan ba mai nadama ba ne, ɗan damfara ne, kuma cin gwanjon kansa shi ne ƙofar da ya shigo ta ita. Shi ya sa bai damu da ko nawa farashi ya kai ba. A nan ma akwai mutanen kirki biyu da ya tura sama a banza.

14 ga Maris

Na soke, na toshe. Kafin in tura wa na biyu tayi na rubuta masa bayani tukuna, na kuma ce ya duba tayin a cikin asusunsa kawai, domin 'yan damfara ma kan aika wa waɗanda suka faɗi a gwanjo tayin dama ta biyu na bogi ta imel. Na rage masa kuɗin aikawa gaba ɗaya saboda abin da wancan ya ɗora. Ya karɓa.

16 ga Maris

Yau ban sa komai ba, tunani na zauna yi. Duk abin da nake yi zuwa yanzu bin baya ne, sai ɓarna ta auku nake tashi. Tunatarwa, wa'adi, sokewa, toshewa, babu wanda ke mayar da gwanjon da aka riga aka gurɓata.

Matsalar ba ta ƙananan masu sayarwa ba ce kawai. A watan Fabrairun 2009 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da kawunan tagulla biyu, na ɓera da na zomo, a Faris, cikin tarin kayan mai tsara tufafi Yves Saint Laurent da abokinsa Pierre Bergé. Kawunan an kwashe su ne daga tsohuwar fadar bazara ta Beijin a 1860. Wani ɗan Sin mai suna Cai Mingchao ya ci su a kan kimanin Yuro miliyan 31, sannan ya fito ya ce ba zai biya ba, don kishin ƙasa ya taya. Haka a Nuwamban 2013 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da lu'ulu'un nan ruwan hoda, Pink Star, a birnin Geneva a kan Dala miliyan 83, mai sayen ya kasa biya. Sai a 2017 aka sake sayar da shi a Hong Kong a kan Dala miliyan 71.2. Har a can sama, kaya in suka dawo kasuwa karo na biyu ba lallai su kai inda suka kai da farko ba. Shi ya sa irin waɗannan gidaje kan nemi shaidar banki ko kuɗin ajiya kafin su bar mutum ya taya kaya mai tsada. A bakin ƙofa suke tantancewa.

Akwai kuma waɗanda ba mugunta ce ta kawo su ba, zafin takara ne. A 1971 wasu injiniyoyin man fetur uku na kamfanin Atlantic Richfield suka nuna cewa a gwanjon filayen haƙar mai, wanda ya ci sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa zuzuta darajar filin, don haka cin nasa kan zame masa asara. Mutum yana kwance da waya a hannu, daƙiƙa goma suka rage, wani ya ture shi, ya ƙara, ya ci, gari ya waye ya ga ya wuce ƙarfinsa. Kunya ta hana shi magana, sai ya ɓace. Ina jin mai Seiko irin wannan ne. Irinsa abin da zai taimake shi ya taimake ni shi ne a sa masa ɗan shinge da zai sa ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna.

18 ga Maris

Na kawo wa Kawu shawarar kafin alƙalami, duk mai son taya manyan agogunan ya ajiye wani abu, in ya ci ya gudu ya rasa shi. Bai yarda ba. Ya ce malamai sun saɓa a kan wannan: Imamu Malik da mafi yawansu ba su halatta mai kaya ya riƙe kuɗin in ciniki ya fasu ba, Imamu Ahmad ne ya halatta, shi kuma ba ya son shiga abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Na ce to an bar ta. Ko ba don haka ba, karɓar kuɗi a wajen shafin ya saɓa wa sharaɗin da ni kaina na rubuta.

Na koma kan abin da shafin ya tanada. Na kunna hana tayi ga duk asusun da aka rubuta masa rashin biya sau biyu a cikin wata 12, wanda shi ne mafi tsaurin da eBay ma ke bayarwa. Na kunna sharaɗin sai mutum ya ɗaura katin banki ko wata hanyar biya kafin tayinsa ya shiga. Na kunna sokewa ta kai tsaye bayan kwana 4 don in daina zaman ƙirga awoyi. Ƙananan agogunan da farashinsu sananne ne na cire su daga gwanjo gaba ɗaya, na sa musu tsayayyen farashi da sharaɗin biya nan take, kaya ba sa barin kasuwa sai kuɗi sun shigo.

24 ga Maris

Rukunin farko a ƙarƙashin sabon tsari ya rufe. Masu tayi sun ragu, a fili yake, kuma wani ya rubuto yana ƙorafin ba ya son ɗaura kati kafin ya san zai ci. Na fahimce shi, na ba shi haƙuri, ban cire sharaɗin ba. Farashi bai yi tsalle irin na makon farko ba. Kowa ya biya kafin Litinin da yamma.

26 ga Maris

Shiru, lafiya. Na aika kaya.

29 ga Maris

Sabon salo a kan Rado Diastar, wanda zai rufe gobe. Tun kwana na biyu farashinsa ya yi tsalle zuwa sama da abin da irinsa ke yi, daga nan babu wanda ya sake taɓa shi. Na ɗauka sa'a ce. Da yammacin yau sai na ga farashin ya faɗo ƙasa warwas, na sama ya janye tayinsa da cewa ya yi kuskuren rubuta lamba.

Na buɗe tarihin tayi. Asusu biyu ne, duka sababbi, sun shigo tsakanin minti uku da juna. Ɗaya ya sa babban kuɗi, ɗayan ya ɗara shi kaɗan, farashin da ake gani ya haye sama, duk mai sha'awa na gaske ya duba ya wuce. Ana gab da rufewa na saman ya zame, ya bar abokinsa shi kaɗai da tayin wani bawan Allah na ranar farko, agogon zai faɗa masa da araha. Saboda irin wannan ne eBay ta taƙaita janye tayi: in saura ƙasa da awa 12 a rufe, ba ka iya janyewa sai cikin awa guda da yin tayin. Waɗannan sun san lissafin, sun janye kafin lokacin ya shiga.

Ɗaura kati bai hana su ba, tunda ɗayansu da niyyar biya ya zo, kaɗan dai yake so ya biya. Na soke tayin wanda ya rage, na toshe su biyun, na kai rahoto, na tsayar da gwanjon. Ba zan iya rantsewa cewa mutum ɗaya ne ba, amma ba zan sayar da agogon Kawu a farashin da aka kori jama'a aka samar ba. Tsayarwar ta ci ni ɗan kuɗi, na rubuta a lissafi.

2 ga Afrilu

Na sake sa Radon, wannan karon farashin farawa na ɗaga shi zuwa abin da Kawu zai iya sallamawa a kai ko da mutum ɗaya ne ya taya. Farawa daga ƙasa sosai yana jawo jama'a, amma shi ne ke ba masu wancan wasa riba.

Na kuma ɗauki al'adar duba tarihin tayi kowane dare, ba farashi kawai ba. In na ga sabon asusu ya yi tsalle mai nisa, ina tura masa gaisuwa da tambaya ko ya ga sharuɗɗan biya. Mai niyya yana amsawa. Wanda bai amsa ba har kwana ya zagayo, kuma babu tarihi a bayansa, ina cire tayinsa tun gwanjo na da sauran kwanaki, lokacin da farashi zai iya komawa daidai mutane su gani.

9 ga Afrilu

Rado ya sayu, an biya. An sa wa Kawu ranar aiki a ƙarshen wata.

13 ga Afrilu

Saura agogo shida, cikinsu har da Omega Seamaster, wanda ya fi duka daraja kuma Kawu ya fi jin rabuwa da shi. Ban yanke shawara a kansa ba tukuna. Gwanjo ne zai fi kai shi inda ya kamata, amma shi ne kuma zai fi jawo masu wasa. Hanya ta biyu ita ce a sa masa ɓoyayyen farashin da ba a sayarwa ƙasa da shi, sai dai akwai kuɗin da ake biya a kan hakan ko ya sayu ko bai sayu ba, kuma masu saye da yawa ba sa son taya abin da ba su san iyakarsa ba. Ta uku, tsayayyen farashi tare da damar a taya, in zaɓi wanda zan sallama wa bayan na duba tarihinsa.

Wannan makon zan kai shi wurin mai gyara ya buɗe ya tabbatar da lambar injin da ta murfi, in samu takarda a rubuce da zan sa a hoto. Zan kuma tambayi kuɗin aikawa da inshora da sa hannun mai karɓa. Sauran biyar ɗin za su shiga ranar Lahadi da tsarin da ake kai. Omega zai jira har bayan aikin Kawu, ya ce yana so ya ga tayin da idonsa kafin a sallama.